Yadda Sarakunan Jamus Suka Ba Birtaniya Hayar 'Ya'yan Talakawansu

A watan Agusta na 1776, jiragen ruwan Birtaniya sun cika mashigar birnin New York, suna sauke sojoji a tsibirin Staten. Ba dukan waɗanda suka sauka ne ke sanye da jar rigar sojan Ingila ba. Dubbai daga cikinsu shuɗiyar riga ce a jikinsu, wasu da doguwar hula mai fuskar tagulla, kuma yawancinsu ba su jin Ingilishi ko kaɗan. Jamusawa ne. Ba su da gona a Amurka, ba wanda ya taɓa yi musu laifi a can, kuma rigimar haraji da ta haɗa Sarki George na Uku da talakawansa na yankuna 13 ba ta shafe su da komai ba. Duk da haka, kafin yaƙin ya ƙare a 1783, kimanin Jamusawa 30,000 ne suka tsallaka Tekun Atlantika don su yi wa Birtaniya yaƙi. A wasu shekarun sun kai kashi ɗaya cikin uku na sojan ƙasan da Birtaniya ke da su a Arewacin Amurka.

Amurkawa sun yi musu kuɗin goro, suna kiransu 'yan Hesse, domin fiye da rabinsu daga ƙasar Hesse-Kassel suka fito. Sauran daga ƙananan ƙasashe biyar ne: Brunswick, Hesse-Hanau, Ansbach-Bayreuth, Waldeck da Anhalt-Zerbst. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi ɗan manomi daga wani ƙauye a tsakiyar Jamus ya tsinci kansa yana harbin mutanen da bai san sunan garinsu ba? Amsar tana cikin wani ciniki da ya daɗe ana yinsa a Turai, mai dillalai, mai farashi, mai rubutacciyar yarjejeniya da sa hannun sarakuna.

Bari mu fara da mai saye. Ƙarfin Birtaniya a wancan zamani a kan ruwa yake. Sojan ƙasanta a 1775 bai kai 50,000 ba, kuma a warwatse yake daga Ireland zuwa Gibraltar zuwa tsibiran Karibiyan. Ingilawa sun daɗe suna ƙyamar babbar runduna mai zaman dindindin, don tsoron kada sarki ya juya ta a kansu, saboda haka majalisa kan rage sojoji da zarar an gama yaƙi. Da aka gwabza a Bunker Hill a watan Yuni na 1775, aka kashe ko aka raunata sojan Birtaniya sama da 1,000 a yini guda, sai Landan ta gane cewa wannan tawaye ba na wasa ba ne. Ɗaukar sabon kurtu a horar da shi har ya iya tsayuwa cikin sahu a gaban harsashi yana cin watanni masu yawa, ga shi samarin Ingila ba su ɗokin zuwa yaƙar mutanen da suke ɗauka 'yan'uwa. Gwamnatin Lord North tana son ƙwararrun sojoji, kuma tana son su kafin bazara mai zuwa.

Da farko Rasha aka nufa. An roƙi Sarauniya Catherine sojoji 20,000, ta ce albarka. An nemi Holand ta ba da aron wata runduna ta 'yan Scotland da ke mata aiki, ta gindaya sharuɗɗan da suka kashe maganar. Sai aka juya Jamus, inda George na Uku ba baƙo ba ne, tunda shi ne kuma mai mulkin Hanover. Ya fara da nasa: ya tura bataliya biyar ta Hanover zuwa Gibraltar da tsibirin Minorca, don a kwashe sojan Ingila da ke can a kai Amurka. Sannan aka aiki wani hafsa, Kanar William Faucitt, ya bi fadojin ƙananan sarakuna yana taya sojoji.

To me ya sa waɗannan sarakuna ke da sojojin bayarwa? A nan ne lamarin ke buƙatar natsuwa. Jamus ta wancan lokaci ba ƙasa ɗaya ba ce. Ƙasashe ne sama da 300, manya da ƙanana, a ƙarƙashin inuwar wata daula da ikonta bai wuce suna ba. Tun bayan sulhun Westphalia na 1648, kowane sarki a cikinsu yana da ikon ƙulla ƙawance da ƙasar waje. Ƙaramar ƙasa irin Hesse-Kassel, mai mutane 'yan dubu ɗari uku da wani abu, tana zaune ne a kan hanyar manyan rundunoni. Ƙasarta tuddai ce da dazuzzuka, noma ba ya ciyar da kowa, kuma a Yaƙin Shekara Bakwai na 1756 zuwa 1763 sojan Faransa sun mamaye babban birninta Kassel, sun bar ƙauyuka a tagayyare. Sarkin da ba shi da runduna a irin wannan wuri, maƙwabta ba su sa shi cikin lissafi. Amma harajin talakawansa ba zai iya ɗaukar nauyin rundunar ba. Mafitar da suka samu ita ce a bar wani mai kuɗi ya biya: a tara sojoji, a horar da su sosai, a ba da hayarsu ga wanda ke yaƙi, kuɗin hayar ya riƙe rundunar har ya bar rara a baitulmali.

Gidan sarautar Hesse-Kassel ya shafe ƙarni guda yana wannan sana'a kafin rikicin Amurka. A 1677 ya ba Denmark hayar sojoji. A 1687 ya ba Venice, suka je yaƙar Daular Usmaniyya a ƙasar Girka. A yaƙin gadon sarautar Austriya na shekarun 1740, an kai ga sojan Hesse suna aiki a ɓangarori biyu masu gaba da juna. A 1746 an kai su Scotland don taya Birtaniya murƙushe tawaye. Saboda haka da Faucitt ya iso Kassel, wurin tsohon abokin ciniki ya zo. Akwai ma surukuta a tsakani: mai mulkin ƙasar, Friedrich na Biyu, ya taɓa auren Gimbiya Mary, 'yar Sarki George na Biyu, kuma ɗansu Wilhelm shi ke mulkin Hanau. Yariman Brunswick mai jiran gado kuma yana auren 'yar'uwar George na Uku.

An fara sa hannu da Brunswick ranar 9 ga Janairu, 1776, a kan mutum 4,300. Bayan kwana shida Hesse-Kassel ta sallama kimanin 12,000. Wanda ya yi wa Kassel cinikin, minista Martin Ernst von Schlieffen, ya san Birtaniya a matse take, kuma bai raga mata ba. Ga yadda tsarin yake. Kowane soja da aka miƙa, Birtaniya za ta biya kuɗin ɗauka, fam 7 da sule 4 da 'yan kwabbai. Ban da wannan akwai kuɗin shekara-shekara da ke shiga baitulmalin sarki, na Kassel ya haura fam 100,000, kuma za a ci gaba da biya har shekara guda bayan sojojin sun dawo gida. Albashin sojoji da abincinsu da jigilarsu duk a wuyan Birtaniya suke. Sojojin za su rantse wa George na Uku, amma suna ƙarƙashin hafsoshinsu, da tutocinsu, da kotunan sojansu, da malaman addininsu. Kakinsu da makamansu a Hesse za a yi su, wato masaƙa da maƙeran ƙasar su ma sun samu kasuwa. Schlieffen har wani tsohon bashi na kuɗin asibitin soja, wanda ya kwanta tun Yaƙin Shekara Bakwai, ya tono ya sa aka biya. Birtaniya ta kuma yi alkawarin kare Hesse idan wani ya kawo mata hari alhali sojojinta na ƙetare.

Akwai wani sashe a yarjejeniyar Brunswick da ya fi kowanne tayar da hankali, har yau kuma shi aka fi tunawa. Duk sojan da aka kashe, Birtaniya za ta biya kwatankwacin kuɗin ɗaukarsa, kuma masu rauni uku ana ƙirga su a matsayin gawa ɗaya. Hujjar masu tsarin ita ce dole sarki ya nemo wani ya cike gurbin, kuma hakan na cin kuɗi. Sai dai wannan diyya ba hannun uwar mamacin ko matarsa take zuwa ba, baitulmali take shiga. Yarjejeniyar Hesse-Kassel ba ta ƙunshi wannan sashe ba, duk da cewa a bakin jama'a a kanta aka fi ɗora shi.

Yanzu mu leƙa ƙauye, inda ake samo mutanen. Hesse-Kassel ta kwaikwayi tsarin Prussia: an yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace gunduma an ɗora mata ciyar da runduna guda da samari. Ana rubuta sunayen yara maza, kuma daga shekara 16 zuwa 30 ana iya kiran mutum, aikin kuma yana iya kai shekara 24. Amma ba kowa ake taɓawa ba. Mai dukiya, da ɗan kasuwa, da ƙwararren mai sana'a, da ɗan da zai gaji babbar gona, an keɓe su, domin su ne masu biyan haraji. Wanda ya rage shi ne ƙanen da ba shi da gadon gona, da ɗan ƙodago, da marar aikin yi. A lokacin zaman lafiya nauyin bai cika tsanani ba, domin soja kan yi 'yan makonni yana atisaye, ya koma gida sauran shekara. Tafiya Amurka ce ta sauya komai. Wanda ya saba komawa gida lokacin girbi, sai ga shi ana kora shi zuwa kogin Weser, a zuba shi cikin kwalekwale zuwa tashar Bremerlehe, Faucitt ya duba shi ya ƙirga, a sa shi cikin jirgin da zai yi wata biyu ko uku a kan teku. Horon kuwa mai tsanani ne. Mai laifi akan tuɓe masa riga, a sa shi ya ratsa tsakanin sahu biyu na abokan aikinsa, kowa na tsula masa sanda. Wanda ya gudu, hukuma na iya kama dukiyarsa ko ta matsa wa iyayensa.

Da yaƙi ya yi tsawo, ana buƙatar sababbin mutane kowace shekara don cike gurbin matattu, sai masu ɗaukar soja suka koma farautar baƙi da matafiya, wani da daɗin baki, wani da giya, wani da ƙarfi. Johann Gottfried Seume, ɗalibi daga Leipzig wanda daga baya ya zama sanannen marubuci, ya ba da labarin yadda ya faɗa hannunsu a kan hanya a 1781, aka tsare shi a sansanin Ziegenhain, aka tura shi Halifax ta Kanada a shekara mai bi. A watan Maris na 1777 sojojin Ansbach-Bayreuth sun yi bore a garin Ochsenfurt a bakin kogin Main, saboda cunkoso da wahalar jiragen da aka zuba su. Sarkinsu Karl Alexander da kansa ya hawo doki ya zo, ya raka su har gaba don ya tabbatar kaya sun isa hannun mai saye. Bashi ne ya yi masa katutu, kuma da kuɗin waɗannan mutane ya rage shi.

Wannan ne ya sa kiran su sojojin haya kai tsaye yake ɓoye wani abu. Sojan haya na ainihi shi ke zaɓar ubangida, ya yi cinikin kansa, ya sa kuɗin a aljihu. Masana dokar ƙasa da ƙasa na wancan ƙarni, irin su Emer de Vattel, sun bambanta shi da rundunar da wani sarki ya ba wani sarki bisa yarjejeniya, kuma sun ɗauki na biyun halattaccen abu. Sojan Hesse bai yi cinikin komai ba. Sarkinsa ne ya yi, shi kuwa umarni ya bi. Gaskiya ne ya samu albashi irin na sojan Birtaniya, wanda ya fi na gida, wasu har sun aika wa iyali kuɗi, kuma hafsoshi da yawa sun tafi da murna don yaƙi ne hanyar ƙarin girma. Amma babban kason ya tsaya a fada. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A fagen fama sun nuna cewa horon nan ba na banza ba ne. Ranar 27 ga Agusta, 1776, suna cikin waɗanda suka fatattaki rundunar Amurkawa ta George Washington a Long Island. Ranar 16 ga Nuwamba, a ƙarƙashin Janar Wilhelm von Knyphausen, sun haura duwatsu masu tsauri ana yi musu ruwan harsashi har suka karɓe ganuwar Fort Washington, aka kama Amurkawa kimanin 2,800. Akwai kuma wani rukuni nasu masu koriyar riga, 'ya'yan mafarauta da masu gadin daji, masu bindiga mai cin nisa, waɗanda janar-janar na Birtaniya ke rububin samu. Ɗaya daga cikin hafsoshinsu, Kyaftin Johann Ewald, ya bar littafin tarihin kwanakinsa, kuma a ciki ya yaba wa juriyar Amurkawa duk da rashin takalma da albashi.

Sai dai abin da duniya ta fi riƙewa shi ne Trenton. Kanar Johann Rall yana zaune a wannan ƙaramin gari na New Jersey da mutum kusan 1,500. An shawarce shi ya gina shinge, bai gina ba, don ya raina abokan gaba. A daren 25 ga Disamba, cikin ƙanƙara da iska, Washington ya tsallako kogin Delaware da mutum kimanin 2,400, suka yi tafiyar dare, suka faɗa wa garin da safe. Suka kafa igwa a kan manyan titunan garin biyu, ta yadda duk inda Jamusawa suka yi ƙoƙarin jeruwa wuta na cin su, ga albarushi ya jiƙe bindigogi da yawa sun ƙi tashi. Aka harbi Rall a kan dokinsa, ya rasu daga baya. Kimanin 900 suka miƙa wuya. An daɗe ana cewa sun kwana shan giyar Kirsimeti ne, amma masu binciken tarihi ba su samu hujjar hakan ba. Abin da takardu suka nuna shi ne mutane ne da suka galabaita, sun yi makonni suna kwana da kaki a jiki saboda harin sari-ka-noƙe. Laifin na shugabansu ne.

Daga nan asara ta yi ta biyo baya. A watan Agusta na 1777 an tarwatsa sojan Brunswick a Bennington, kwamandansu Friedrich Baum ya rasa ransa. A watan Oktoba Kanar Carl von Donop ya kai hari ganuwar Red Bank, aka kashe ko aka raunata ɗaruruwan mutanensa, shi ma raunin ya yi ajalinsa. A wannan watan ne kuma rundunar Birtaniya ta Janar Burgoyne ta miƙa wuya a Saratoga, tare da Jamusawan Janar Friedrich Adolf Riedesel. Matarsa Frederika ta biyo shi da 'ya'yansu mata uku ƙanana, ta yi kwanaki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida ana luguden igwa a kansu, tana jinyar masu rauni. Mata da yara da dama sun bi waɗannan rundunoni, suna wanki da dafa abinci, kuma ba kasafai ake sa su cikin lissafi ba. Sojan Waldeck an kai su har Florida, inda suka yaƙi Sifaniya a Pensacola a 1781. A Yorktown kuma, a wannan shekarar, rundunar Faransa da ta afka wa ɗaya daga cikin shingayen Birtaniya tana ɗauke da Jamusawan Zweibrücken, masu tsaron shingen kuma akwai 'yan Hesse a cikinsu. Cikin duhu, masu hari da masu tsaro harshe ɗaya suke yi.

Ta fuskar siyasa, cinikin ya ci Birtaniya fiye da abin da ta biya. Labarin cewa sarki ya ɗauko baƙi su kashe talakawansa ya tura Amurkawa da yawa masu ɗari-ɗari zuwa ɓangaren ɓallewa, har aka sa shi cikin jerin laifuffukan sarki a takardar ayyana 'yancin kai ta 4 ga Yuli, 1776. Kwasar ganima da sojan Hesse suka yi a gidajen New Jersey, wadda sojan Ingila ma ba su tsira daga ita ba, ta ƙara rura wutar. An kuma yaɗa wata wasiƙar jabu a Turai, wai wani basaraken Jamus ne ke murnar yawan mutanensa da suka mutu don kuɗinsa zai ƙaru. Ƙarya ce, amma ta samu shiga domin sashen diyyar nan na gaske ne. Majalisar Amurkawa ta kuma yi wata dabara: ta yi alkawarin eka 50 ta gona ga duk Bajamushen da ya gudu, aka buga sanarwar da Jamusanci, aka naɗe taba da ita don ta shiga hannun sojoji. Da farko ba ta yi tasiri sosai ba. Abin da ya fi jan su shi ne abin da idonsu ya gani. Fursunonin Trenton an kai su Lancaster ta Pennsylvania, yankin da Jamusawa 'yan ci-rani suka cika, aka ba manoma su suna aiki. Ɗan ƙodagon da ba shi da taki ɗaya na ƙasa a gida ya ga mai magana da harshensa yana da gona da shanu da rumbu cike.

Akwai kuma waɗanda suka yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren. Rundunonin Hesse sun ɗauki baƙaƙen fata sama da 100 a Amurka, da yawansu bayi ne da suka tsere, akasari a matsayin makaɗan ganga, kuma wasunsu sun bi sojojin har Kassel bayan yaƙi.

A ƙididdigar da aka fi ambata, cikin kusan 30,000 da suka tafi, kimanin 17,300 ne suka koma Jamus. Wajen 1,200 sun mutu a fagen fama, sama da 6,000 kuma cuta da haɗari suka kashe su, wato zazzaɓi da atuni sun fi harsashi ɓarna nesa ba kusa ba. Kimanin 5,000 sun zauna a Amurka da Kanada. Brunswick ta tura 5,723, waɗanda suka dawo 2,708 ne kawai, kuma mahukuntanta ba su yi ɗokin dawowar sauran ba, tunda ciyar da su zai koma wuyansu.

Ko a Jamus ba kowa ya yi shiru ba. Sarki Frederick na Prussia ya yi tir da cinikin, har ya hana sojojin ratsa ƙasarsa a 1777, ko da yake shi ma yana da tasa manufar, don a kasuwa ɗaya suke neman kurata. Friedrich Schiller ya sa batun a cikin wani wasan kwaikwayonsa na 1784. Masu kare Friedrich na Biyu na Kassel suna cewa bai cinye kuɗin shi kaɗai ba: ya sassauta haraji ga iyalan sojoji, ya gina gidajen marayu da asibiti, ya kammala gidan tarihi na Fridericianum a 1779, wanda har yau yana tsaye a Kassel. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma a ganina bai wanke shi ba. Waɗanda suka biya farashin su ne waɗanda doka ta ware tun farko a matsayin marasa galihu, ba a tambaye su ba, kuma yaƙin bai kare ko ƙauye ɗaya na Hesse ba. Birtaniya ma tana da nata kason alhakin, domin ta san sarai yadda ake tara mutanen da take biya.

Friedrich ya rasu a 1785, ya bar wa ɗansa Wilhelm ɗaya daga cikin baitulmali mafi kauri a Turai. Wilhelm ya riƙa ba sarakuna rance da ruwa, kuma cikin waɗanda suka yi masa hidimar kuɗi akwai wani ɗan kasuwar Frankfurt, Mayer Amschel Rothschild, wanda gidansa ya zama babban gidan banki. A 1793, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Faransa, wakilan Landan sun sake komawa Kassel, aka sake ba su hayar dubban sojoji.